Sifirin Motar Hajiya Tabawa

Duk tsawon shekarun da na yi ina kanikanci, ranar da har gobe ba ta fita raina ba ita ce ranar da na kai Hajiya Tabawa garinsu, bayan kakar 1976. Ku masu koyon aiki yanzu kuna ganin zaɓen sifirin bai wuce duba lamba a jikin kwali ba, shi ya sa nake so ku ji wannan.

Lokacin ni ne babban makanike a garejin Alhaji Habu a Gumel. Fataucin shanu yake yi, yana da manyan motoci da ke lodi daga kasuwar Maigatari zuwa kudu. Aikina in duba kowace mota kafin ta tashi, in ta dawo kuma in saurari ƙorafin direba. Alhaji mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya wulaƙanci, sai dai hannunsa a dunƙule yake. Ko lanƙwasasshiyar ƙusa ya gani a ƙasa sai ya tsuguna ya ɗauka ya jefa aljihu.

Hajiya Tabawa mahaifiyarsa ce. 'Yar wani ƙauye ce gaba da Ɗanzomo, kuma a can yayarta Inna Kande take, ita kaɗai ta rage mata cikin 'yan ɗakinsu. Ciwon gwiwa ya hana Hajiya hawa babbar mota, shekaru suka yi ta wucewa ba ta leƙa gida ba, har mutanen can suka fara cewa ta samu duniya ta manta da su. Maganar nan ta ci mata rai ƙwarai. Da Alhaji ya sayi ƙaramar mota, sai aka ga ita ma ta yi wa Hajiya tsayi, don irin mai dogayen ƙafafun nan ce da ake yi wa hanyoyinmu. Ba tare da ya shawarce ni ba ya kai motar Kano aka yanke mata sifirin, ta dawo a durƙushe, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Hajiya ta shiga ba wahala, kowa ya yi murna, ban da ni.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, sifirin shi ne murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, shokozoba kuma ita ke hana shi yin ta tsalle bayan an faɗa rami. In ka yanke sifirin ka rage wa mota wurin numfashi. A kan kwalta ba komai. Amma hanyar Ɗanzomo a lokacin rairayi ce da gargada, manyan motoci sun haƙa kwari biyu sun bar tudu a tsakiya.

Tafiyar gwaji wani direbanmu ne ya yi ta, ba da Hajiya ba, saƙo kawai ya kai. Zuwa lafiya lau. Da zai dawo mutanen ƙauye suka cika masa but da gero da wake da kabewa, har da ɗan rago a kujerar baya, kuma kun san ba a mayar da hannun kyauta. Bai yi nisa ba mota ta hau tudun nan ta kwanta a kan cikinta kamar kaza a kan ƙwai, tayoyi na juyawa a banza. Shanun noma ne suka jawo ta. Ta iso Gumel shokozoba duk sun fashe suna yoyon mai, salansa kuma, wato bututun hayaƙi, a ɗaure a saman mota tare da ragon.

Alhaji ya kira ni ya ce yana son a sa mata ƙafa, wato sifirin da shokozoba, wadda za ta yi ƙarko, amma kada motar ta ƙara tsayi ko da faɗin yatsa. Na ce masa abu uku ne a gabanmu. Akwai irin nata na asali, mai laushi, amma zai mayar da ita sama, Hajiya ta koma kallonta daga nesa. Akwai wanda ake sayarwa a Kano, an shafa masa jan fenti yana ƙyalli, na san shi sarai, damina ɗaya ba zai gani ba. Na uku gajere ne mai kauri, na ƙananan motocin kaya, wanda 'yan Damagaram ke kawowa Maigatari ranar kasuwa tare da shokozobarsa masu ƙarfi. Alhaji ya karkata ga mai jan fenti saboda arha. Na tuna masa cewa mai arhar nan sau biyu ake sayensa, nan take ya ce a tafi Maigatari.

Na ɗaura, na ɗora mata kaya na bi hanyar Gagarawa da ita, ko gezau. Matsalar sai da na sauke kayan ta bayyana. In ba nauyi, bayanta ya ɗaga sama, kuma kowane ɗan rami sai ka ji shi a haƙoranka. Wato ƙafar dawowa na samu, saura ta zuwa. Na gaya wa Alhaji dole a riƙa sa mata nauyi a but tun daga gida, don ta sauko daidai ƙafar Hajiya, ta kuma yi laushi. Na ma kawo shawarar a sa gishiri ko shinkafa, tunda dai ziyara ce. Ya dube ni kamar na ce a cinna wa gareji wuta. Ya ce yashi ma ai nauyi ne, kuma kyauta yake. Aka ɗura yashi a sababbin buhuna, aka ɗinke baki, a kan cewa in mun isa zan zagaya bayan gari in zubar ba wanda ya sani. Hajiya ba a gaya mata ba, tata tsarabar ta goro da turmin atamfa tana kan cinyarta.

Ni na tuƙa. Wallahi motar ta yi daɗi, tana bin tudu da kwari ba ta taɓa ƙasa, har Hajiya ta yi gyangyaɗi. Ina ta yaba wa kaina a zuci.

Abin da ni da Alhaji muka manta shi ne yadda ake tarbar baƙo a ƙauye. Ban gama kashe mota ba aka yanyame mu. Ina can ina riƙe wa Hajiya ƙofa, samarin gidan sun riga sun buɗe but, kowa ya saɓa buhu a kafaɗa, suna nishi suna cewa lallai Hajiya ta yi ɗawainiya. Na buɗe baki zan yi magana, wani dattijo ya kama hannuna biyu yana ta sa wa Alhaji albarka. Ta ina zan fara? Hajiya ta ga buhuna na shiga gida, ta ɗauka ɗanta ne ya yi mata bazata, fuskarta ta cika da fara'ar da ban taɓa gani ba. Wannan fara'ar ita ta fi komai tayar mini da hankali.

Aka jere buhuna a tsakar gida, mata suka kewaye, wasu har sun ɗauko ƙore. Ni ina daga bakin zaure ina addu'ar ƙasa ta tsage. Inna Kande, wadda idonta ya yi rauni, ta sa aka farke mata bakin buhu ɗaya, ta zura hannu ta ɗebo. Ta murza. Ta sake murzawa.

Ta ce, "Tabawa, wannan yashin Gumel ne? Ai da kin bari, namu ya fi shi laushi."

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Na shiga na durƙusa na yi bayanin sifirin da nauyi, amma wa ke saurare? Hajiya ba ta yi dariya ba. Na ga ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta, sai tausayinta ya kama ni, don na san me ta zo wankewa, ga shi an ƙara mata wani. Mutanen nan kuwa suka zazzage yashin, suka cika buhunan da gero, suka mayar but. Haka muka juyo Gumel.

Washegari da hantsi ta aika a kira ni. Na tarar da Alhaji zaune a ƙasa gabanta, ya cire hula yana juya ta a hannu. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, ko kallonsa ba ta yi ba, ni ta fuskanta.

"Sabo, tambayarka zan yi, don kai ne masanin mota. Motar uban gidanka ta san bambancin yashi da shinkafa?"

Na ce, "A'a, Hajiya, nauyi kawai ta sani."

Ta ce, "To, mutane sun sani."

Iyakar shari'ar ke nan. Alhaji ya biyo ni waje yana tambaya a hankali ko akwai dabarar da za a sassauta sifirin ya daina neman nauyi da yawa. Na ce akwai, amma ba zan taɓa ba sai da yardar Hajiya. Bai sake tayar da zancen ba.

Sati na zagayowa muka koma, but cike da shinkafa da gishiri da sukari, ni da kaina na auna nauyin da mota ke bukata, kuma ban yi mata rowa ba. Aka sake jere buhuna, mata suka kewaye, amma wannan karon ba wadda ta ɗauko ƙwarya. Inna Kande ta zura hannu, ta daɗe tana murzawa, sannan ta ce wa jikokinta su ɗora tukunya, yashin bana irin wanda ake dafawa ne. A nan ne Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta kama hannun yayarta ta riƙe ba ta saki ba.

Tun daga lokacin, in an kawo mini motar da aka sauke ana neman ƙafa mai ƙarko, ba na fara duba ƙarfe. Sai na tambayi wa za ta ɗauka, wace hanya za ta bi, su wa kuma za su tarbe ta. A ƙasar nan mota ba ta dawowa daga ƙauye wayam, don haka ƙafar da ka zaɓa dole ta iya ɗaukar alherin mutane. Kuma duk abin da ka sa a but, ka sa shi da sanin cewa wani zai sauke shi yana godiya. Sifirin nan na Maigatari ya yi shekaru ba a taɓa shi ba, Hajiya ta yi ta zuwa gida a kai a kai, kuma ita ce a kusa da Inna Kande ranar da Allah ya karɓi ranta.