Turmin da Aka Cusa wa Tsumma

A gidanmu na Kabo, tatsuniya ba ta jiran dare ya yi nisa. Da an idar da magariba, an sauke tuwo, sai mu jikoki mu kewaye murhun kakarmu Iya Hajjo, tana tura gyaɗa cikin toka tana faɗa da duk wanda ya riga ta sa hannu. Gidan malamai ne, ba a ɗaga murya. Ko dariya ce ta kama mu, sai Iya ta nuna zaure da haɓa, inda Baba yake karantar da manya, mu haɗiye abarmu. Ni na fi kowa iya haɗiyewa, har yabona ake yi.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba na so. Iya ta sani, shi ya sa take yawan kawo ta.

"Ga wata nan tafe," in ji ta, "ku matsa mata ta zauna."

Wai wata mata ce da 'yarta ɗaya, yarinyar ta isa koyon daka. Kun san dakan mai koyo: taɓarya ta bugi bakin turmi, gero ya watse, ba daɗin ji. Uwar kuma mai gudun abin faɗa ce, kada maƙwabta su ji ta katanga su ce 'yar wance ba ta iya ba. Sai ta cusa tsumma a cikin turmin, ta naɗe kan taɓarya, ta ce yi ta yi. Yarinya ta shekara tana daka ba wanda ya ji, har ita kanta. Ranar wani suna aka tara 'yan mata lugude, turmi ɗaya taɓarya uku. Kowace tana sauraron bugun 'yar'uwarta don ta san lokacin sauke tata. Ita kuwa ba ta taɓa jin bugun kanta ba, balle na wata. Ta sauke a kan hannun ta kusa da ita, ta fasa mata yatsa. Daga ranar ba ta ƙara ɗaukar taɓarya ba.

"To laifin wa?" Iya kan tambaya.

Mu ce na yarinyar, da ba ta kula ba.

"Ku ci gyaɗarku," sai ta ce. "Ba ku isa ba tukuna."

Haushi nake ji, don babu kura, babu aljani, kuma ba wanda ya ji daɗi a ƙarshe.

Yanzu ina aure a Gwarzo, 'yata Hafsa shekararta goma sha ɗaya. Bara aka turo wata 'yar bautar ƙasa makarantarsu, ta zo da ƙaramin fiyano mai batir, abin kiɗan nan da ake dannawa da yatsu, tana koya wa yara. Hafsa ta nace sai ta shiga. Malamar ta tara mu iyaye ta faɗa mana gaskiya: watannin farko kada mu sa ran waƙa. Yatsu biyar ne za su yi ta hawa da sauka, kuskure ɗaya a maimaita shi har kai ya yi ciwo, minti goma sha biyar kullum. "Ku dai daure ku bar su su ji kansu," ta ce. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Ranar da Hafsa ta aro wani irinsa ta kawo gida, dannawa uku ta yi na waiga na kalli katanga. Katangarmu gajera ce. Jikar gidan malamai da kiɗa, in ya shiga bakin matan unguwa, kafin Juma'a ya kai Kabo. Ban hana ta ba, wai ni wayayya. Na ce ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Bayan kwana biyu na ce ta rage sautin. Daga baya na cire batir ɗin da hannuna, na ce ai yatsu ake horarwa, sauti ya jira makaranta.

Ba ta yi musu ba, 'yata ce. Wata biyu tana zama tana danna abu shiru kamar mai tsintar shinkafa. Sai rannan malamar ta tare ni a ƙofar makaranta.

"Maman Hafsa, yatsunta sun fi na kowa sanin wuri. Amma in ta yi kuskure ba ta ji, in an haɗa su biyu sai ta ɓata wa ɗayar. Jiya yara suka yi mata dariya, ta ce ta bari ke nan. Tana yi a gida kuwa?"

Na ce tana yi kullum. Ban yi ƙarya ba, amma kunya ta hana ni haɗa ido da ita. A hanyar gida tambayar Iya ta dawo mini, na ga irin amsar banzan da na yi ta ba ta. Iya ta daɗe da rasuwa, babu wanda zan je in gyara wa amsa.

Da la'asar na sa batir sababbi, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗora fiyanon, na murɗa sautin har ƙarshe. Tsoron abin da Baba zai ce bai bar ni ba, yana nan. Na kira Hafsa na ce ta zauna ta yi, kowa ya ji. Ta zauna, ta danna ɗaya, sautin ya tashi. Sai ta janye hannu da sauri ta kalli katanga.

"Umma, rage," ta ce a hankali. "Za a ji."