Zare na Huɗu da Albasar Ya Falmata

Ranar da ba ta fita a raina a wannan aikin ita ce wata Laraba a lokacin dashen albasa, ranar da na bar kujerata a ofishinmu na Jiddari Polo na tafi Konduga saboda jimla ɗaya tak. Ku sababbin ma'aikata da kuke ƙorafin wai shafina na kan birki ya yi tsawo, ku zauna ku ji inda ya samo asali.

Ni ce mai rubuta littafin jagora na kamfanin. Injiniyoyi su gina manhaja, ni kuma in rubuta yadda ma'aikacin da ke daji zai yi amfani da ita ba tare da ya kira kowa ba. A lokacin mun kafa wa wata ƙungiyar manoman rani famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. Akwatin kwamfuta ɗaya ne a rumfar ƙungiya yake kula da su duka, mu kuma muna shiga cikinsa daga ofis ta intanet. A cikin manhajar kowane famfo yana da nasa ƙaramin aikin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na sauran. Shi muke kira zare, kuma kowane zare da lambarsa.

Idan manhaja ta yi ciwo, akwai kayan bincike da ake kira diboga. Da ita ake ɗana birki a wani layi na rubutun manhaja, in manhaja ta iso wurin sai ta tsaya cak a leƙa cikinta. To amma birkin gama-gari duk zaren da ya zo sai ya kama shi, ka ga ke nan an kashe wa kowa ruwa don a duba famfon mutum ɗaya. Shi ya sa ake ɗaure birki da lambar zare guda, sauran su wuce abinsu. Shafin da aka ba ni in rubuta ke nan.

Muna cikin haka Modu, ma'aikacinmu na Konduga, ya bugo waya. Famfon wata dattijuwa, Ya Falmata, yana mutuwa da rana tsaka, ba ya sake tashi sai washegari. Ga shi ta yi dashe, albasa jaririya kuwa ba ta san haƙuri ba.

Shugaban sashenmu, Injiniya Emeka, haifaffen unguwar Umarari ne a nan cikin gari, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya sa Modu ya tabbatar masa, famfon Ya Falmata shi ne zare na huɗu. Ya ɗana birki a kan na huɗu, ya juyo ya ce, "Malama Hauwa, ga misalinki a ɓagas. Rubuta: nemo lambar, ɗana birki, jira."

Na rubuta. Washegari birki ya kama, muka leƙa, famfo lafiyarsa lau kamar an wanke shi. Ba a jima ba Modu ya kira, na Ya Falmata ya sake mutuwa, kuma wai wani Alhaji Bukar yana faɗa an tsayar masa da nasa ba gaira ba dalili. Kashegari ma haka, sai dai wannan karon wani manomin daban ne ya yi faɗan.

Kai, abin ya tsaya mini a rai! Ni ba injiniya ba ce, amma ina da wata jaraba, ba na iya sakin jimlar da ban gane ba. Na ce, "Oga, wa ke raba lambobin nan ne?"

Ya ce akwatin ne. Famfon da ya fara samun wuta da safe shi ne na ɗaya, mai bi masa na biyu, haka har ƙarshe. Ya ƙara da cewa ai rana ta gabas take fitowa kullum, faifan sola kuma ba ƙafa ne da su ba, don haka jerin bai kamata ya canza ba. Ya kalli allo ya ce, "Amma ga shi yana canzawa. Wallahi ni ma ina son in san dalili." Ya kasa barin ofis don shi ke riƙe da diboga, sai ya ce in je in gano mana da idona.

Da safe da aka buɗe hanya, wadda ake rufewa da dare saboda tsaro, na shiga motar farko. Modu ya tare ni, muka gangara gonakin. Abin da na fara gani shi ne turakun ƙarfe a tsaye, babu faifai ko ɗaya a kan wasunsu. Kafin in buɗe baki sai ga wani mutum a kan keke, ya ɗaure faifan sola a baya kamar tiren burodi. Ga wani da nasa a baro. Can kuma ga mata biyu sun ɗauko nasu a ka.

Na ce, "Modu, mene ne wannan?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa. "Wa zai bar faifansa ya kwana a daji, Anti? Kowa gida yake kai nasa da yamma." Shi a wurinsa abin bai kai labari ba, mu kuma bai taɓa faɗo mana a rai mu tambaya ba. Ashe faifan suna da ƙafa. Wanda ya riga zuwa gona shi ne na ɗaya.

Ya Falmata ta iso a makare, ta tsaya gaisuwar rashin lafiya a hanya. "Wushe, wushe, 'yata," ta gaishe ni da Barbarci, tana sauke faifanta. Modu ya jona, na kira Oga na ce ya duba zaren da ya shigo yanzu-yanzu. Na tara ne. Ya yi wata irin dariya har sai da na janye wayar daga kunnena. Ya cire birkin daga na huɗu ya mayar kan na tara.

Da na yi mata bayani, abin ya ba ta sha'awa ƙwarai. Ta ce, "Wato akwatin nan ya san wa ya makara? To kada ya faɗa wa kowa."

Da azahar famfonta ya mutu, birki ya kama shi a daidai wurin. Wayar faifanta ce ta ɗan saki saboda ɗaukar kullum, wuta takan ɗauke na ƙiftawar ido, manhaja kuma sai ta ɗauka magariba ta yi, ta rufe famfo sai gobe. Oga ya gyara layin, Modu ya ɗaure waya, ruwa ya dawo.

Ina ta murna, sai ta kama hannuna ta ce in zo in gani. Ta kai ni ƙarshen gonar, inda ruwa ke isa daga baya. Duk fangalin da ke nan ya bushe, dashen ya kwanta ya zama kamar zaren buhu. Wajen rabin gonar ke nan, kuma lokacin sake dashe ya ƙure. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tsuguna ta tsinko ɗaya ta murza, ta ce, "Shekaranjiya waɗannan da ransu." Shekaranjiya kuwa muna ofis muna gadin famfon Alhaji Bukar. Raina ya ɓaci sosai.

A mota na sake rubuta shafin. Na sa a farkonsa cewa lambar zare ba sunan famfo ba ce, jerin isowa ce, tana canzawa kowace safiya. Kafin a ɗana birki, a tabbatar da mai lambar a ranar, daga bakin wanda ke tsaye a gona. Na ƙara da bayanin keke da baro, wanda wasunku ke cewa bai dace da littafin fasaha ba. Daga baya Oga ya sa manhajar tana nuna sunan mai famfo kusa da lamba, amma ban cire komai ba.

Abin da na koya shi ne, umarnin da muka rubuta da farko babu kuskure a cikinsa ko ɗaya, sai dai mun rubuta shi ne don gonar da muka zana a kanmu. Har yau in Modu ya kira yakan ce Ya Falmata na tambaya ita ce ta nawa yau, mu yi dariya. Amma duk wanda ya zo mini da maganar a gajarta shafin nan, ba shafin nake gani ba, hannunta nake gani tana murza busasshiyar albasa.