Malam Nu'man da Motar da Ta Makara

Idan an idar da sallar asuba a unguwar Briqueterie ta birnin Yaoundé, kafin mahauta su baje nama, kafin teloli su ɗaga ƙofofinsu, za ka ga wani dattijo siriri yana gangarowa ta layin da ya nufi Ekoudou, hannunsa ɗaya dafe da ƙugu. Malam Nu'man ke nan, bakanike. Garejinsa rumfar kwano ce da rami ɗaya a tsakiya, ko allon suna babu. Yakan share wurin da kansa, ya sha shayi a tsaye, ya rataya farin ƙyalle a wuya, sannan ya jira mota ta farko.

Fanninsa giya ce mai canza kanta, wadda a nan ake ce wa bwat otomatik. Idan aka kawo masa akori-kura aka ce tana sulɓewa, wato inji na kuka amma mota ba ta ja, ba ya taɓa sufana sai ya zauna kusa da direba an zaga da shi. Zai sa a hau tudu, ya kasa kunne ya ji inda giya ke jinkirin kamawa. Zai tambaya ko tun da sanyi take yi, ko sai ta ɗau zafi. In sun dawo, inji na aiki, sai ya zaro sandar awon mai ya goga a ƙyallen nan. Idan man ja ne garau, ƙila raguwa kawai ya yi, sai a nemo inda yake yoyo. Idan ya koma kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ya shiga. Idan kuwa ya yi baƙi yana ƙauri, Malam Nu'man ya san faifan cikin bwat sun fara cinyewa.

Alim tela, wanda shagonsa ke kallon garejin, ya ce ya sha ganin mutum ya zo a shirye a sauke masa bwat gaba ɗaya, Malam Nu'man ya canza masa matacin mai kawai, ya ce ya je ya gwada. Ya kuma sha ganin wanda ya zo yana son a lallaɓa masa ita don ya sayar wa wani, ya fita yana ƙunƙuni. Haka ya yi shekara da shekaru. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara.

Amma in ka zauna da shi, ba waɗannan yake tunawa ba. Mota ɗaya yake tunawa.

A shekarun da arewa mai nisa ta rikice, 'yan bindiga na tsallako iyaka suna ƙona ƙauyuka, wani mai sarin nama a unguwar, Rashidu, ya shigo garejin da akori-kurarsa wata safiya. Mahaifiyarsa, Inna Aisatu, tana wani ƙauye bayan garin Mora, can arewan, tare da ƙanwarsa Madina da 'ya'yanta. Tsohuwar ba ta iya tafiya mai nisa, direbobin can kuma sun daina shiga ƙauyen. Rashidu ya yanke shawarar zuwa da kansa ya kwaso su.

"Baba, duba min ita kawai," in ji shi. "Tana ɗan ja da baya a kan tudu. Gobe nake son kama hanya."

Suka zaga. A hawan farko inji ya yi ƙara, mota ta tsaya tana tunani kafin ta fizga. Da suka dawo, man da ya fito a ƙyalle baƙi ne, ƙaurinsa har bakin titi. Malam Nu'man ya shiga rami ya kwance tiren da ke ƙarƙashin bwat. Wani baƙin gari ya kwanta a ciki kamar toka, maganaɗisun da ke gindin tiren ya yi gashi da ɓarɓashin ƙarfe.

"Rashidu, faifan ciki sun cinye," ya ce. "Wannan da kake gani naman jikinsu ne. Sai an sauke ta."

"Ka zuba sabon mai mu gani."

"In na zuba, za ta yi maka ladabi zuwa Bertoua, ƙila har gaba. Amma ka tuna hawan dutsen nan kafin Ngaoundéré. Da dawowa za ka hau shi, mota cike da mata da yara. Can za ta ajiye ka, a daji."

"Baba, uwata ce fa."

"Don uwarka ce nake faɗa maka. Ka ba ni 'yan kwanaki."

Rashidu ya daɗe tsaye yana kallon tiren. Daga bisani ya ajiye makulli a kan benci ya fita.

Malam Nu'man ya ture duk wani aiki. Ya sauke bwat a ranar, ya wargaza ta a kan tabarma. Ya zaga masu kayan mota na Yaoundé bai sami faifan ba, aka yi saƙo Douala. Waɗanda suka fara zuwa ba su ne ba, sun ɗara da kaɗan, dole aka mayar. Kullum da hantsi Rashidu zai zo ya tsaya bakin rumfa da waya a hannu. Wayar Madina wani lokaci ta shiga, wani lokaci ta ƙi. Daga baya ta daina shiga gaba ɗaya.

Ranar da aka gama, Malam Nu'man ya ɗauko akwatin sufanunsa ya jefa a bayan motar.

"Ina za ka, Baba?"

"Inda za ka. In ta yi wani abu a hanya, gara ina kusa."

Ba ta yi komai ba. Ta kai su Mora ba tare da ta yi ko tari ba. A can, a harabar wata makaranta da aka tara masu gudu, suka sami Madina. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyensu ana tsakiyar jiran faifan daga Douala. Mutane suka watse da ƙafa, maƙwabta suka yi ta karɓa-karɓar goyon Inna Aisatu cikin rana. Ta iso Mora da rai, amma ba ta kwana biyu ba ta rasu. An riga an binne ta.

Suka ɗauko Madina da yaranta da wasu maƙwabta iya waɗanda bayan motar ya ɗauka. A hawan dutsen nan motar ta haye da su a hankali, giya na kamawa ɗaya bayan ɗaya. Malam Nu'man ya ce bai taɓa jin aikinsa ya yi kyau haka ba, bai kuma taɓa jin ya tsani ƙarar inji kamar ranar ba. Har suka shigo Yaoundé, Rashidu bai yi masa magana ba sai in za a tsaya salla.

Mutanen unguwa sun yi ta ba Malam Nu'man baki. Suka ce ai gaskiya ya faɗa, da ya bar motar ta tafi da ta mutu a dutse. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, ya faɗa wa Alim ita ba sau ɗaya ba.

"Da ta mutu a dutse, haka ne. Amma da dawowa. Zuwa fa? Zuwa babu kaya, gangara ce. Da ta kai shi. Da tsohuwar nan tana zaune a bakin titi tana jiran a kawo ɗauki, da ranta. Ni bwat na duba, ban duba kwanakin ba."

Ko da ta kai ɗin, ko da ba ta kai ba, Allah kaɗai ya sani. Malam Nu'man ma ya san haka. Sai dai tun daga lokacin, duk wanda ya kawo masa mota yana gaggawa, sai ya zaunar da shi ya faɗa masa duka biyun: abin da motar za ta iya yi yau in an lallaɓa ta, da inda za ta ci amanarsa. Sannan ya bar masa zaɓi.

Rashidu bai canza bakanike ba. Ya ci gaba da kawo motar, su gaisa, a yi aiki, ya tafi, maganar Mora ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Sai makon jiya, da ya ji za a rufe rumfar, ya zo ba tare da mota ba. Alim na wurin. Rashidu ya zauna a benci, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Baba, akwai jirgin ƙasa a ranar," ya ce. "Da na hau zuwa Ngaoundéré, na ci gaba da motar haya, ko a baya ne da na goyo ta. Kullum ina tsaye a bakin rumfar nan ina sane da haka. Tsoro nake ji. Da ka ce in jira, daɗi na ji. Daga baya kuma na bar ka da nauyin laifin kai kaɗai."

Malam Nu'man ya ce, "Allah ya jiƙan Inna." Rashidu ya ce amin. Suka zauna tare har aka kira azahar.

Malam Nu'man, kai ne ka shiga mota zuwa inda kowa ke gudowa, ba wanda ya roƙe ka. Kai ne ka ɗauki laifin da ba a tabbatar naka ba ne, ka riƙe shi shekaru ba ka sauke a kan kowa ba. Yaran Madina suna makaranta a unguwar nan, suna wuce rumfarka kullum, ƙila ba su san wanda ya zauna a ƙarƙashin motar da ta kawo su ba. Mun gode, bakanike mai amana. Allah ya ba idonka lafiya, ya sanyaya maka zuciya.

Ku kuma masu sufana a hannu, daga Briqueterie har unguwar Elig-Edzoa, ku je ku gaishe shi kafin wata ya ƙare. Ku koyi duba mai a wurinsa, ku koyi faɗin gaskiya. In mutum ya shigo muku yana rawar jiki, ku tambaye shi wa ke jiransa kafin ku ce ya dawo jibi.