Ɗan Ƙullin Tozali

A unguwar Utaibiyya, can ƙasa mai tsarki, na tashi, a shekarun alif ɗari tara da sittin da wani abu, cikin gidan kwano mai zafi kamar tanda. Bayan magariba Kaka takan fito tsakar gida ta hura gawayi tana soya gyaɗar da za ta kai talla, mu jikoki mu kewaye ta. Wuyanta a karkace yake, don haka kullum a kaikaice take duban mutum. Ni sunan marigayi mijinta aka sa mini, ba ta kuwa taɓa faɗinsa ba. "Kai, yaro," shi ke nan. Na ɗauka alkunya ce.

Tatsuniya ɗaya ta fi so. "Ga ta nan, in kuna da kunne," in ji ta. Wai wani sakarai ne ya taso hajji a ƙasa da matarsa mai ciki. Jakinsu ya mutu a Wadai, ya bar musu kaya biyu: ƙaton dami na auduga, da ɗan ƙullin dutsen tozali wanda bai wuce ƙwarya ba. Gogan naka ya sungumi audugar, ya ɗora wa matar ƙullin.

Nan Kaka kan taɓe baki ta maƙale murya. "Duk garin da suka shiga sai a ce, 'Kai, Allah ya yi wa bawan nan albarka, ya ɗauki babba ya bar mata ƙarami!' Shi kuma yana wani nishi, ɗan banza, yana share gumin ƙarya. Tir!" In matar ta ce wuyanta zai karye, sai matan ayari su ce raki ne. Ba wanda ya miƙa hannu ya ɗaga ƙullin nan ya ji. Kafin su kai bakin teku cikin ya zube.

"Ƙurunƙus, kan sakarai," sai ta juya gyaɗarta. Mu kuwa dariyar nishin muke yi.

Sai da na girma a makaranta ustaz ya koya mana cewa girman abu kaɗai ba ya faɗin nauyinsa, sai ka ninka shi da yadda abin ya cunkushe. Na tuna ƙullin nan, na gwada lissafin da alli. Dutsen tozali cikin ƙwarya ɗaya ya rinjayi wancan damin duka, nesa ba kusa ba. Mutumin da ya ɗaure kayan biyu da hannunsa kuwa ya sani sarai. Ashe ba sakarai ba ne, mugu ne.

Na dawo gida ina ba Inna, mahaifiyata, labari cike da zumuɗi. Ta juyo ta dube ni.

"Ka taɓa ganin tozali a idon kakarka?" ta ce.

Ban taɓa ba. A ranar na gane abin da ya karkata wuyan nan, na kuma gane ba kunya ce ta hana ta kiran sunana ba.