Rigar Yarinyar Cikin Jarida

Tsofaffin jaridu a ƙunshi suke shigowa gidanmu. Mai shagon bakin kasuwar Dakoro da su yake naɗe sukari da ganyen shayi, ni kuwa in warware a hankali, in shafe da tafin hannu. A shafin baya akwai zanen ban dariya na wasu yara mata biyu. Ɗaya ɗiyar mai kuɗi, da riga iya gwiwa, farar kwala, safa da takalmi. Ɗayar ɗiyar mai yi masu wanki, cikin zungureriyar rigar uwarta. Ina aji biyar a lakwal, makarantar boko, ina karanta Faransancin da ke bakinsu, na san wace ce wace.

Sallah biyu ba a yi mana ɗinki ba, saboda fari ya cinye yawancin dabbobin Baba. A ta uku ya sayar da bijimi da daraja, ya sayo mini atamfa. Na yanke zanen yaran daga jarida, kakata ta raka ni wurin tela.

"Irin wagga nike so," na ce.

Kaka ta kai takardar dab da ido. "Wayyo, baiwar Allah! Marainiya ce?"

"Kaka, ita ce mai kuɗin fa. Ubanta har mota gare shi."

"Mota, ya kasa cika ma ɗiyarshi yadi? Ke da bokonki ba ki iya kallo ba. Ga ɗiyar manya nan." Ta dangwala yatsa kan ɗiyar mai wanki. "Dubi tufa har ƙasa."

Tela ya yi dariya har ya tsai da keke. "Hajiya, can haka gayunsu yake."

"Can ɗin. Nan in ta fita ƙwauri waje, mi za a ce? Ɗana ya kai bijimi kasuwa ya komo da rabin zane?"

Na yi kuka, ba ta ko dube ni ba. Tela ya tausaya, ya sa mini farar kwalar, sauran kuwa yadda Kaka ta ce.

Ranar Idi na fito ina kumbure-kumbure, na tattare gefen rigar a hannu. A ƙofar gida gwaggonnina suka tare ni suna murza atamfar. "Tubarkalla! Bana Allah ya buɗa ma ubanki."

Baba na tsaye gefe, yana ta gyara hular da ba ta karkace ba, wai shi bai ji ba. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin farin.

Sai na saki rigar, na bar ta tana jan rairayi har filin Idi.