Kawu Sale da Memorin Inna Hajara

Duk wanda ya san Kawu Sale a Malumfashi ya san ba a taɓa masa hula. A cikin naɗinta yake adana memori, irin na waya, ɗan ƙarami kamar farce. Ranar da iska ta kwashe ta a bakin kasuwa, tsayar da masu mashin ya yi yana ihu: "Kada wanda ya motsa! Zafin rumbuna na bara yana ƙasa!"

Ƙanin mahaifiyata ne. Da ya bar aikin lantarki a kamfanin gurzar auduga na Funtuwa, sai ya haɗa wata 'yar na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba ta kai kwalin ashana ba. Ya jona mata wayoyi da ɗan gidan da ake zura memori, tana auna zafi da laimar masara a rumbu tana rubutawa, don kada hatsi ya ruɓe ba a sani ba.

To amma fa na'urar ta gado halin mai ita. Ba ta karɓar sai tsohon memori ɗan ƙarami, shi ma sai an goge shi tas. Na kawo masa babba, sabo dal, ya zura, ta yi gum.

"Kawu, a gyara ta mana ta karɓa."

"A gyara wa? Ita ta san abin da ya dace da cikinta. Kai ne kake cin duk abin da aka miƙo maka!"

Haka ya ari na Iro mai shayi, ya share masa waƙoƙi kaf. Da Iro ya zo yana kumfar baki, cewa ya yi: "Na raba ka da shagala, ko godiya babu?"

Wata shekara ruwa ya yi tsawo, aka zuba masara da sauran danshi, memorinsa kuma ya mutu murus. Kowa a unguwa ya ɓoye nasa. Ƙaramin da ya rage shi ne na cikin rediyon matarsa, Inna Hajara, mai ɗauke da muryar marigayiya Iya, mahaifiyarta, tana waƙar niƙa. Na ce a kwafe muryar a wayata, Inna ta ce Iya ba ta yawo.

Ta juya ga Kawu ta ce: "Malam, ka taɓa shi, wallahi sai dai ka biyo ni garinmu Tsiga biko!"

Ranar da ta tafi suna, da idona na ga ya zare shi ya nufi rumbu. Ya kai shi bakin na'ura, ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Can sai ya juya ya mayar da shi cikin rediyon.

"Masara ana sake shukawa," in ji shi. "Kuma ka rufe mini baki."

Daga ranar ya kai tabarmarsa gindin rumbu. Safe da yamma ya cusa hannu cikin masara har kafaɗa, in ya ji ɗumi ya tara mu mu shanya ta. Mai wucewa ya tambaya, ya ce: "Yanzu ni ne memorin, a yi magana a hankali!" Masara kuwa ta kuɓuta, muka ci tuwonta har wata kaka.

Bayan rasuwarsa na ba Inna labarin. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kalli rediyon ta ce: "Kai, Malam! Ya bar mini muryar Iya, ga shi tasa ba wanda ya ɗauka."

Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa ya huta.