Layi na Uku a Mashigar Nguru

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, amma tafiyar da muka yi da Baba daga Gashuwa zuwa Nguru saboda layin titi guda ɗaya, ita kam ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Baba direba ne, rabin rayuwarsa a kan wannan hanyar ya yi ta, yana jigilar fasinja da bandar kifi. Da ciwon suga ya tafi da ganinsa, sai ya shige ɗaki. Abokai su yi sallama, ya ce a ce musu yana barci. Ko tuwo sai an yi ta lallashi. Muna gani yana ramewa, mun rasa yadda za mu yi.

A lokacin na shiga wata ƙungiyar sa-kai mai gyara taswirar intanet, irin wadda kowa ke iya sa wa hannu. Aikina in duba hoton titi da aka ɗauka daga sama, in nuna layi nawa ne, wanne na masu miƙewa, wanne na masu karya kwana, don wayar direba ta gaya masa hannun da zai riƙe tun kafin ya iso. Wata la'asar ina zaune a ƙofar ɗakin Baba, na sa layi biyu a wata mahaɗa ta mashigar Nguru. Sai wata 'yar ƙungiyarmu, wadda ban taɓa gani ba, ta mayar da gyarana. Ta ce kamar akwai na uku, kuma ba ma rubuta abin da ba mu tabbatar ba. Raina ya ɓaci, na yi ta mita ni kaɗai.

"Uwata, wace mahaɗar?" in ji murya daga ciki.

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Nan da nan na faɗa masa. Ya ce a zamaninsa biyu ne, amma ya ji an faɗaɗa wurin. Sai ya ce, "In za ki je dubawa, yayanki ya bar mini kujerar gaba."

Washegari da hantsi muka ɗau hanya, Yaya na tuƙi. Baba ya sauke gilashi, iska na kaɗa masa gemu. Kafin kowa ya yi magana ya ce, "Wannan gargadar, mun kusa Jajimaji." Kuma haka ne.

A mahaɗar muka tarar yashi ya rufe fentin da ke raba layukan. Yaya ya share da takalminsa, sai ga farar kibiya ta lanƙwasa hagu. Layi na uku, na masu juyawa. Baba ya dafa kafaɗata, ya taka faɗin kwaltar da sandarsa. "Baiwar Allan nan ta fi ki gaskiya," ya ce, "ta fi ni ma." Ya yi dariya, irin wadda muka manta yana da ita.

Dariyar ce ta tona shi. Wani dattijo, tsohon abokin tuƙinsa, ya tsallako daga bakin titi yana ihu da gaisuwar Barebari, "Wushe! Wa nake ji haka? Ashe kana duniya!" Suka rungume juna, duk su biyun suna share ido. Aka ja shi tasha, aka kawo shayi da gasasshen kifi, tsofaffin direbobi suka kewaye shi. Da ƙyar muka ɓamɓare shi bayan la'asar.

Na gyara taswirar, na aika wa matar nan hoton kibiyar da godiya. Har yau ba ta san abin da ta yi mana ba. Daga ranar Baba ya koma zaman ƙofar gida da jam'i a masallaci, har Allah Ya karɓi abinsa.

Mun daɗe muna ba shi tausayi, ashe ba shi yake nema ba. Na koyi cewa wanda ya janye daga mutane, wani lokacin jira kawai yake a sake buƙatarsa. Alhamdu lillahi da muka gane haka yana raye.